Kamfanin lamuni ya ce in sabunta takardata a kan dala 100,000, ko dai wayo za a yi min?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Dillalin motoci ne ni a jihar New York. Ina saye a gwanjo, wasu in sayar a nan, wasu in loda su zuwa Kwatano. Tun da na karɓi lasisi nake da takardar lamuni, wato bon ɗin da DMV, hukumar rajistar motoci ta jihar, ke buƙata, ta dala 20,000, kuma kuɗin da nake biya duk shekara bai taka kara ya karya ba. To wakilin da ya yi min ita ba ya gajiya da aiko saƙonni: yau sun koma sabon ofis, gobe za su rufe don hutu, jibi sun canza hanyar biya. Har na daina buɗewa. Ashe a ciki akwai na sabuntawa, sun ce tunda bara na sayar da motoci fiye da 50, bon ɗina zai koma na dala 100,000, in biya 2,500. Sun kuma aiko takardar da ni da maiɗakina za mu sa wa hannu. Gaskiya ne ko cuta? Kuma in na share su, me zai faru?

Tsohon dillali, Bronx: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba cuta ba ce, doka ce, tun 2017 take aiki. Mai sayar da tsofaffin motoci 50 ko ƙasa da haka a shekarar da ta gabata, nasa na dala 20,000 ne. Da ya haura 50, sai 100,000. Babu tsaka-tsaki, mota ɗaya tak kan iya tsallakar da kai. Albarkar kasuwa ce ta jawo maka. Amma sharewa kam kada ka fara. In ba ka biya ba, kamfanin zai sanar da DMV ya janye lamuninsa, su kuma su dakatar da rajistarka. Daga nan ba gwanjon dillalai, ba lambar dillali a mota.

Mai aikin inshora, New Jersey: Malam, bari in ɗora a kan maganar Alhaji, domin da yawanmu muna ɗaukar abin nan kamar inshorar mota. Mutum uku ne a ciki: kai, da hukuma, da kamfanin da ya tsaya maka. Ba kai yake karewa ba, mutanen da ke ciniki da kai yake karewa. A ce ka sayar da mota ba ka miƙa takardar mallaka ba, ko cekinka ya dawo babu kuɗi, wanda aka cuta zai iya neman haƙƙinsa daga kamfanin, har iyakar adadin bon ɗin. Idan kamfanin ya biya, kanka zai dawo ya karɓi kuɗinsa cif, har da na lauya. Takardar da suka ce ku sa wa hannu kai da Hajiya ke nan, alkawarin biyan su ne. Suna son hannun matar aure ne don kada a mayar da dukiya sunanta ranar da bashi ya taso. Ku zauna ku karanta tare, ta san abin da take ɗauka, kuma ka tambaya ko za su yarda da hannunka kaɗai. Wasu kan yarda.

Dala 2,500 ɗin kuma kashi biyu da rabi ne cikin ɗari. Mai kyakkyawan kiredit, wato tarihin biyan bashi, yakan samu tsakanin kashi ɗaya zuwa uku, wanda nasa ya lalace kuwa ana iya kai shi kashi goma. Ba a zalunce ka ba, amma akwai wurin ragi. Kuɗin ba ajiya ba ne, ba ya dawowa.

Baban yara: Ni dai imel ɗin nan na "mun canza hanyar biya" shi ya tsaya min a rai. Kada ka danna komai a ciki. Ɗauko tsohuwar takardar bon ɗinka, ka kira lambar da ke jikinta, ka ji daga bakinsu. Sannan ka duba sunan wakilin a shafin hukumar DFS mai kula da harkokin kuɗi da inshora ta New York, ita ke ba su lasisi. 'Yan damfara sun iya kwaikwayon irin waɗannan saƙonni.

Mai tambaya: Na gode. To zan iya komawa wani wakilin in ya fi sauƙi?

Mai aikin inshora, New Jersey: Ƙwarai. Nemi farashi wurin biyu ko uku, ka kai musu bayanan banki da na haraji, don a bon mai girma haka sukan duba. Sharaɗi ɗaya: sabon bon ɗin ya fara aiki kuma ya isa DMV kafin tsohon bon ɗin ya mutu. Sunan kamfaninka da adireshi su zo daidai da na rajista, harafi da harafi, in ba haka ba a dawo maka da takardar.

Ɗalibin ilimi: Allah ya sa albarka. Tunda ba wanda ya taɓo, kafala ce wannan a fiƙihu, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC a 1985 ta ce ba a karɓar lada a kan lamuni sai kuɗin ɗawainiya. Sai dai kai bayarwa kake yi, kuma hukuma ce ta tilasta. Ka kai wa malaminka maganar yadda take.

Tsohon dillali, Bronx: Kafin komai, buɗe littafin rajistarka ka ƙirga motocin bara da kanka, daga Janairu zuwa Disamba. In sun haura 50 ɗin da gaske, ka raba ƙarin kuɗin a kan motocin bana, dala arba'in da 'yan kai ne a kowace mota.