Na'urar nuna hanya don tafiyar keke a gaɓar Kogin Danube: waya ta wadatar ko sai na sayi GPS?

Matafiyi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a kudancin Jamus, kuma na ƙudurta cewa da bazara mai zuwa, in Allah ya yarda, zan bi hanyar EuroVelo 6, ɗaya daga cikin dogayen hanyoyin keke na Turai, a kan keke, in tashi daga Passau in bi gaɓar Danube ta Ostiriya da Hangari da Sabiya da Romaniya har in sauka a Constanta, bakin Bahar Aswad. Na ware makonni 6, kuma mafi yawan dare a tanti zan kwana, don haka ba kullum zan sami wurin yin caji ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko in ɗaura wayata a kan keken in dogara da ita, ko in daure in sayi na'urar GPS irin ta Garmin ko Wahoo, alhali kuɗinta zai iya ciyar da ni kwanaki da dama a hanya. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin doguwar tafiya.

Baban Yara:

Wa alaikumus salam, Malam. Daga Passau zuwa Viyana, wato kimanin kilomita 320, ko ba ka riƙe komai ba da wuya ka ɓata, domin alluna na nan a kowace mararraba, kogin kuma yana gefenka. Har zuwa Budapest waya ta ishe ka. Bayan nan ne labari yake canzawa, saboda alluna suna raguwa, kuma hanyar takan hau kan jingar da aka yi don tare ambaliya, wani wurin tsakuwa, wani wurin ciyawa, sai mutum ya yi awa guda bai ga wanda zai tambaya ba.

Ni da waya na yi tafiyata ta farko, kuma abin da ya same ni shi ya sa nake ba ka shawarar sayen na'ura. Wata rana da tsakar rana a kan irin wannan jinga, wayar ta yi zafi har haskenta ya dushe, ina kāre ta da hulata ina ƙoƙarin ganin layin hanya, can sai ta kashe kanta. Sai da na zauna a inuwar wata bishiya ta huce kafin na san inda zan nufa. Ranar da aka yi ruwa kuma, ɗigon da ke sauka a fuskarta ya riƙa latsa abubuwan da ban taɓa ba. Na'urar keke ba ta da waɗannan matsaloli, domin an yi fuskarta ne ta yadda hasken rana ke ƙara fito da rubutun, mai maɓallai kuma ana sarrafa ta ko da safar hannu. Garmin Edge Explore 2 takan kai awa 16 da caji ɗaya, Wahoo Roam kuma wajen awa 17, wato tafiyar kwana biyu ke nan ga mai tuƙin yini.

Hajiyar Keke:

Ina girmama ra'ayin Baban Yara, amma ina ganin tambayar da ya kamata a fara amsawa ita ce daga ina wuta za ta zo. Wanda zai kwana a tanti, ɗan'uwa, na'ura mai awa 16 ma za ta mutu masa a rana ta uku idan bai tanadi caji ba. Shi ya sa na zaɓi Garmin eTrex 32x, wadda asalinta ta masu tafiyar ƙasa ce amma tana da mariƙin da ake ɗaure ta da shi a kan keke. Batir biyu na AA take ci, suna kai ta kusan awa 25, kuma babu ƙauyen da za ka shiga a rasa su a shago. Fuskarta ƙarama ce, ba ta da saurin lissafa sabuwar hanya, amma wannan bai taɓa damuna ba, domin ni layin hanyar da na riga na tsara kawai nake bi.

Yadda nake yi shi ne in tsara hanyar tun daga gida, in raba ta gida-gida gwargwadon tafiyar kwana biyu ko uku, in ajiye kowanne a matsayin fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanya, in zuba a na'urar. Wayar kuma tana cikin jaka, an kashe mata data, ɗauke da taswirar OsmAnd ko Organic Maps da na riga na sauke. Ba na fito da ita sai zan nemi sansanin kwana, ko shago, ko in duba alƙibla da lokacin salla. Mutane da yawa ba su san cewa GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina ba, ba ya buƙatar layin waya ko data, taswirar ce kaɗai dole ta kasance a cikin wayar tun kafin a fita.

Ka kula da batun layi idan ka isa iyaka. Layinka na Jamus zai yi aiki a Ostiriya da Hangari da Romaniya ba tare da ƙarin kuɗi ba, bisa dokar Tarayyar Turai ta 2017, amma Sabiya ba ta cikin tarayyar. Inda kogin ya zama iyaka, waya takan kama sabis ɗin tsallake ko da kana ɓangaren Romaniya, don haka ka zaɓi kamfanin da hannunka.

Ɗan Tudu:

Ƙari kaɗan a kan maganar Hajiya. Dinamon da ake haɗawa a cibiyar ƙafar gaba, wato ɗan injin da ke samar da wuta idan keke na tafiya, wat 3 kawai yake bayarwa, ya isa ya riƙe na'urar GPS da fitila, amma ba zai ciyar da wayar da ke kunne duk yini ba. Fawa bank mai 20,000 mAh ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana ƙasa da iyakar 100 Wh da jiragen sama suka yarda a shiga da shi a jakar hannu, abin da zai yi maka amfani idan jirgi za ka hau wajen dawowa. Fitila kuwa kada ka bar ta, domin a kwazazzabon Iron Gates, inda Danube ya raba Sabiya da Romaniya, ta ɓangaren Sabiya, titin yana ratsa ramuka da dama da aka huda cikin dutse, wasunsu babu haske, kuma a ciki sigina kan yanke har sai ka fito.

Matafiyi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga tsarin Hajiya, saboda batun batir ya fi dacewa da mai kwanan tanti. Zan nemi eTrex ko da ta hannu ce, in gwada ta a tafiyar kwana uku daga Regensburg zuwa Passau kafin lokacin ya yi. Hajiya, taswirar da ta zo da na'urar ce kika yi amfani da ita har Romaniya, ko kuwa kin zuba wata ta OpenStreetMap, wato taswirar kyauta ta intanet, a katin microSD?