Taƙaitawa: shawarwarin da aka bayar kan aikin sa kai a taron duniya na masu buƙata ta musamman

Jama'a, na ɗan tattaro abin da mutane suka faɗa a tattaunawar da aka yi kan wannan batu, musamman ga mai son yin aikin sa kai a babban taro irin wanda aka yi a Landan a 2018 da Berlin a 2025.

1. Kusan kowa ya yarda: tambaya kafin taimako. In mutum na kan keken guragu kar ka kama ka hau turawa, keken nan kamar jikinsa ne. In makaho ne ka bar shi ya riƙe gwiwar hannunka, kana ɗan gaba da shi, in an zo matakala ka ce masa hawa ne ko sauka, kar ka taɓa sandarsa ko karen da ke masa jagora.

2. In kana magana da kurma shi za ka kalla, ba tafinta ba. Kuma maganar hannu kowace ƙasa da tata, wannan wallahi da yawanmu ba mu sani ba.

3. Je da wuri ka san inda lif da banɗaki suke.

Inda aka rabu biyu shi ne suna. Wasu sun ce "nakasassu" ba laifi, wasu sun ce kalmar na yi musu ciwo. Ni dai ina ganin ka saurari yadda mutum ke kiran kansa ka bi.

Sai kuɗin jirgi da masauki, wasu sun ce ko da aljihunka ka je, wasu sun ce fara tambayar masu shirya taron tukuna.