Dan Allah me ya sa fim ɗin Get Out ya samu karɓuwa haka?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar fina-finan Amurka. Na kalli Get Out na Jordan Peele, wanda ya fito a 2017, kuma wallahi har yanzu bai bar raina ba. Abin da ya ɗaure min kai, dala miliyan 4.5 kacal aka kashe wajen yin shi amma ya kawo sama da miliyan 250, ga Oscar ya ci, alhali fim ɗin ban tsoro ne da babu aljani babu fatalwa, mutane ne kawai masu fara'a suna ta yi wa baƙo maraba. To mene ne sirrin? Kuma 'yan Kannywood za su iya irin shi?

Na Batagarawa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai fara'ar nan da ka faɗa ita ce tsoron. Chris baƙar fata ne mai ɗaukar hoto, ya bi budurwarsa Rose farar fata zuwa gidan iyayenta, ba wanda ya zage shi ba wanda ya kore shi, uban ma har cewa yake da da hali zai zaɓi Obama karo na uku, baƙi kuma suna ta yaba jikinsa suna taɓa damtsensa, ashe taya shi suke kamar rago a kara, don daga baya an yi gwanjonsa da hotonsa a gaba, wanda ya saya za a dasa ƙwaƙwalwarsa a jikin Chris. Baƙaƙen Amurka sun san irin wannan dariyar ta fatar baki a ofis da makaranta, shi ya sa suka cika sinima kuma kowa ya fito sai ya kawo wani. Sannan Peele ɗan barkwanci ne tun asali, da shirin talabijin na Key & Peele aka san shi, ya san inda zai sa abokin Chris ɗin nan Rod ya ba ka dariya ka huce kafin ya sake shaƙe ka. Rukuni 4 aka sa fim ɗin a Oscar na 2018, ya ci na rubutun labari, kuma Peele ne baƙar fata na farko da ya ci wannan.

'Yar Daura:
Ni kam yayana ba aikin ƙwaƙwalwar ne ya tsorata ni ba, Georgina ce, mai aikin gidan. Wajen da take magana da Chris tana murmushi hawaye na zuba, baki na cewa lafiya lau ido na cewa a cece ni, sai da na tsayar da fim ɗin. Saboda na san wannan fuskar. Yaran da ake kawowa daga ƙauye aikatau, yarinya 'yar shekara 10 ta tashi tun asuba shara wanke-wanke raino, kuɗin aikin ma ba hannunta yake zuwa ba sai dai ga matar da ta kawo ta, in baƙi sun zo hajiya ta ce ai 'yata ce, yarinyar ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Da cokali da kofin shayi kawai uwar Rose ta jefa Chris cikin wani rami mai duhu inda yana gani yana ji amma ba ya iya motsi, to yaran nan a irin ramin suke zaune. In mai son yin fim ɗin tsoro ne da gaske ga labari nan a cikin gidajenmu, ba sai an shafa wa wani hoda an ce aljani ba ne.

Mai Shago Ƙofar Ƙaura:
Maganarki gaskiya ce 'yar'uwa amma mu duba ɓangaren kuɗi. Kamfanin Blumhouse ne suka yi fim ɗin, tsarinsu kenan, kuɗi kaɗan a bar darakta ya yi abin da yake so, sannan kamfanin Universal suka kai shi dubban sinimomi, makon farko kaɗai ya haura dala miliyan 33. Mu nan fa? Sinima nawa ke aiki a Katsina yau? Fim na fita gobe yana wajen masu turawa a waya, furodusa ya tashi a tutar babu, shi ya sa kowa ya koma dogon zango a YouTube, soyayya da kishiya, abin da ya tabbata za a kalla. Ga hukumar tace fina-finai ta Kano, ga masu gidan da za su ce da su ake.

Na Batagarawa:
Haka ne, amma labarin da ta kawo gida ɗaya yake buƙata da mutum biyar ko shida, Get Out ɗin ma kusan duk a gida ɗaya aka yi shi cikin kwana 23. Shi ma Peele ya yi la'akari da masu kallo fa, ƙarshen da ya fara ɗauka 'yan sanda ne suka kama Chris ya ƙare a kurkuku, sai aka canja Rod ya zo ya cece shi. Amma ka tuna yadda gabanka ya faɗi da ka ga fitilar motar nan mai kama da ta 'yan sanda ta taho.

Ɗan Ƙofar Soro:
Wallahi ya faɗi, na ɗauka harbe shi za a yi. Na gode ƙwarai. 'Yar Daura dan Allah ki zauna ki rubuta labarin nan ko da a Facebook ne, zan karanta. Waye ya kalli Us, fim ɗin Peele na 2019, ya kai wannan?