Layi ya yi mana yawa a gishe, ina mafita?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wurin aika kuɗi da karɓa ne a Tawa, kusa da kasuwa, gishe biyu, wato tagogin da ake sallamar mutane. Ran Lahadi, ranar kasuwa, da gab da sallar layya in ƴan ci-rani suka fara aiko kuɗi, jama'a har bakin titi. Ga rana, ga rigima kan wa ya riga wa. Mu buɗe gishe na uku ne, ko akwai wata dabara?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗauki sabon ma'aikaci, riƙe agogo kwana uku tukuna. In mutum guda na cin minti 4, gishe ɗaya na sallamar mutum 15 a awa, biyu 30. In 40 ke zuwa a awa, goma-goma na taruwa. Daga ƙarfe 9 zuwa 12 ka tara 30, na ƙarshensu sai ya yi awa cur a tsaye. Maida minti 4 ɗin 3, gishe biyun nan su sallami 40. Galibi mintin nan a laluben katin shaida cikin aljihun riga yake tafiya, da neman lambar kuɗi a waya, da canji. Sa yaro bakin ƙofa ya riƙa duba kati da lamba, a tanadi ƴan dala ɗari da jikka-jikka tun da safe. Sai dai 40 ga 40 ba sarari: rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke minti goma, layin ba zai koma daidai ba sai bayan azahar. Don haka buɗe gishe na uku ran Lahadi kawai, daga 9 zuwa 12.

Hajiya daga Yamai:
Ɗana, kada kowane gishe ya yi layinsa, mai matsala ɗaya sai ya tsare duk na bayansa. Yanka kwali, lamba 1 zuwa 100, wanda gishensa ya sarara ya kira ta gaba. Mai lamba a hannu zai zauna kan benci a inuwa, ba sai ya matsa jikin wani ba. Mata bencinsu daban, lamba dai guda. Tsofaffi da masu ciki a shigar da guda bayan kowane mutum uku, kuma a faɗa kowa ya ji, in ba haka ba za a ce sanayya ce.

Ɗan Ader:
Na gode Hajiya. Wanda ya karɓi lamba ya tafi cefane fa?

Hajiya daga Yamai:
A kira sau uku a wuce. In ya dawo ya jira mutum biyar. Kuma canza launin kwalin kullum, don yara na ɓoye ƙananan lambobi su sayar washegari.