Bidiyon hana cin zali: wanne ne ya taɓa tsayar da ku?

Malamar JSS, Zariya:
Assalamu alaikum. A ranar Alhamis ta farko ta watan Nuwamba, wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu, mun saki bidiyo biyu. A na farko ni ce zaune ina karanto alƙaluman UNESCO, cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 na fuskantar cin zali. Ko abokan aikina ba su kalla har ƙarshe ba. Na biyu wani tsohon ɗalibinmu ne, yanzu magidanci, yana ba da labarin siniyan da ke ƙwace masa garin kwaki da sukari, ya tashe shi ɗebo ruwa da asuba cikin hunturu. A kan wannan har iyaye suka kira ni. Ku fa, wanne ya taɓa ku?

Baban Biyu, Kano:
Wa'alaikumussalam Malama. Ni bidiyon ɗalibar nan ta Abuja da aka yi ta mari a 2024 ne. Raina ya ɓaci, na tura shi guruf uku nan take. Uwargida ce ta ce min, "In 'yarka ce, ka so duniya ta riƙa kallon fuskarta haka?" Jikina ya yi sanyi. Irin wannan ya fi kowanne yaɗuwa, amma tsinuwa kawai muke yi a ƙasa.

Yaya Babba, Gusau:
Shekara shida na yi a makarantar kwana, ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba. Bidiyon masu ɗaure fuska suna cewa "ku ji tsoron Allah" wucewa nake yi, don wadda ta sa ni tsallen kwaɗo a rana har na suma ita ce limamiyarmu a hostel. Wanda ya tsayar da ni wata mata ce, ba kiɗa, ba a ma nuna fuskarta ba, hannuwanta kawai tana murza bakin mayafi. Ta ce har yau in ta ji ƙarar ƙararrawa gabanta faɗuwa yake. Na kalla sau huɗu. A daren na kira ƙanwata da ke JSS 2, na ce ta gaya min gaskiya. Ta yi shiru, sai kuka.

Ɗan TikTok, Jos:
Na gwada da barkwanci, an kalla sosai, sai dai azzalumin aka so. Sunan tsokanar da na sa masa a baki shi yara suka ɗauka suna kiran juna da shi. Na goge.

Ɗan Maraɗi:
Nan wanda aka yi da Faransanci a guruf ɗin malamai yake tsayawa. Na Hausa ne ke isa wayar iyaye.

Malamar JSS, Zariya:
Yaya Babba, Allah Ya saka miki. Ya jikin ƙanwar tamu, kun samu shugabar makarantar kuwa?