Gwajin DPPH a kan ganyen sabara: lambobina sun ƙi zama wuri ɗaya

Ɗalibar Biyokemistiri ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan ganyen sabara ne. Na zaɓe shi don a gidanmu duk wadda ta haihu sai an dafa mata shi lokacin jego, masu ciwon ciki ma shi ake jiƙa musu. Na shanya ganyen a inuwa, na daka, na jiƙa garin a metanol, na tace, na ƙafar da shi ya zama baƙin ƙulli mai danƙo.

Matsalata biyu. Ta farko, idan na zuba tataccen ganyen a ruwan DPPH (sinadarin da ake gwada ƙarfin antioksidan da shi, wato abubuwan da ke kashe kaifin sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki) launin shunayyar yana komawa rawaya yadda ake so, amma da na kai na'urar auna shan haske sai lambobin su yi ta hawa da sauka, wanda ya fi kauri ma wani lokaci ya ba ni sakamako ƙasa da mai ruwa-ruwa. Ta biyu, IC50 ɗin da nake samu, wato kaurin da ke kashe rabin DPPH ɗin, ya kusa da na bitamin C. Shin zan iya rubuta cewa sabara tana maganin ciwon daji da ciwon suga? Don Allah a taimaka, lokacin miƙa aiki ya matso.

Malam na Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. DPPH ba ya son haske, ba ya son kwana. Ki haɗa sabo ranar da za ki yi aiki, ki naɗe kwalbar da takardar alminiyom, bayan kin gauraya ki ajiye a duhu minti 30 cif kafin ki karanta a tsayin zangon haske na 517 nm. Idan kwalba ta farko ta yi minti 30 ta ƙarshe kuma ta kai 50, dole lambobi su saɓa.

Amma ni na fi zargin launin ganyen. Tataccen sabara duhu gare shi, shi kansa yana shan haske, na'ura kuwa ba ta san wanne ne launin DPPH wanne ne na ganye ba. Shi ya sa mai kaurin ke ruɗa ki. Kowane mataki na kauri ki yi masa tasa kwalbar daban, tataccen ganye da metanol zalla babu DPPH, ki karanta, ki cire wannan lambar daga ta gwajin. Sannan ki ƙara tsarma shi, ki yi kowanne sau 3. Kin kai ganyen ma'adanar tsirrai an tantance shi an ba ki lamba? Akwai a sashen ilimin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Idan babu wannan lambar, ranar kare aiki tambayar farko ke nan.

Anti Mai Harhaɗa Magani ta amsa:

Tambayarki ta biyu ce ta tsayar da ni. A'a 'yata, kada ki rubuta haka. Abin da gwajin nan ya nuna shi ne ganyen yana da sinadaran da ke kashe kaifin DPPH a cikin kwalba. Sabara cike take da sinadaran tsirrai irin su tanin da flabonoyid, kuma kusan duk ganye mai bauri zai ba ki sakamako mai kyau a wannan gwajin, ko marke ko ganyen shayi. A jikin mutum kuwa sai abin ya bi ta ciki, hanji ya sha wanda zai iya sha, hanta ta sauya saura. Tanin da yawa ma ba ya shiga jini sosai.

An taɓa gwada irin wannan zaton a kan mutane. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan sigari kusan 29,000, aka ba wasunsu beta-karotin, wani antioksidan da ke cikin karas, kullum da fatan zai kare huhunsu. Da sakamako ya fito a 1994, ciwon dajin huhu ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. Abin nan yana taɓa ni domin ina ganin masu ciwon suga da suka ajiye maganin asibiti saboda wani ya ce "jami'a ta gwada ganye kaza". Jimla ɗaya a takardar ɗalibi takan zama tallar mai lasifika a kasuwa.

Ba raina ganye nake ba. Artemisinin da muke shan maganin maleriya da shi daga ganye ya fito, Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, kuma a nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da kanumfari da karan dafi. Sai dai duk sun bi ta gwajin guba, da na dabbobi, da na mutane. Ke ki rubuta iya abin da kika auna, ki ba da shawarar a ci gaba da bincike.

Ɗalibar Biyokemistiri ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri Malam, na gode Anti. Zan yi kwalaben da babu DPPH, kuma batun ciwon daji ya fita daga babi na biyar. Malam, malamin da ke duba aikina ya ce in ƙara gwajin Folin don auna jimillar finol, wato rukunin sinadaran da tanin da flabonoyid ke ciki. Da bitamin C zan kwatanta shi ma?

Malam na Ɗakin Gwaji ya amsa:

A'a, da galik asid ake yin wannan, a karanta a 765 nm, launin shuɗi zai ba ki. Ki fara zana layin galik asid ɗin tukuna, wato jadawalin kaurinsa da lambar da na'ura ta bayar, idan bai miƙe ba kada ki taɓa tataccen ganyenki. Ki turo lambobin nan mu duba tare.