Shin Thunder za ta sake ɗaukar kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a kakar 2025-26?

Sani: Jama'a, kakar 2025-26 ta ƙarato, ni dai na gama yanke hukunci: Oklahoma City Thunder ce za ta sake ɗaga kofi. Bara wasa 68 suka ci cikin 82. Shai Gilgeous-Alexander shi ne gwarzon kaka, shi ya fi kowa maki, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe. An tsawaita wa Jalen Williams da Chet Holmgren kwantiragi, kuma dukansu yara ne da sauran ƙarfinsu. Wa zai tare su?

Malam Habu: Sani, bi a hankali. Rabon da wata ƙungiya ta kare kambunta tun Golden State a 2017 da 2018. Daga nan Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, sai Thunder. Shekara bakwai, zakaru bakwai. Bara war haka Boston muke wa irin wannan kirarin, sai ga New York ta yi waje da ita a zagaye na biyu na wasannin kifuwa ɗaya kwala, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa.

Sani: Malam, da girmanka, ai rauni ne ya kayar da Boston. Agarar tauraronsu Tatum ce ta tsinke.

Malam Habu: A wasa na huɗu ta tsinke. Kafin nan New York ta je har Boston ta ci wasa biyun farko, kuma a kowanne sai da aka ba ta ratar maki 20 ta farke. Tatum na cikin fili lafiyarsa ƙalau. Tunda ka kawo maganar rauni, ka tuna wasa na bakwai na zagayen ƙarshe tsakanin Thunder da Indiana: tauraron Indiana Haliburton ya faɗi da rauni tun a kashi na farko, amma duk da haka Indiana ce ke gaba da maki ɗaya da aka tafi hutun rabin lokaci. Ban ce Thunder ba ta cancanci kofinta ba. Cewa nake ba ta yi wa kowa nisan da kake faɗa ba.

Maman Ilham: Ni abin da ke damuna shi ne yadda aka manta da Denver. Sun kori kocinsu Michael Malone ana saura wasa uku a gama kaka, bencinsu babu kowa, Aaron Gordon ya buga wasan ƙarshe da ciwon cinya, amma sai da suka ja Thunder har wasa na bakwai. Duk lokacin da tauraronsu Jokić ya zauna hutawa sai ƙungiyar ta watse, wannan ne ciwonsu tun da daɗewa. Yanzu sun kawo Valančiūnas ya riƙa karɓarsa, sun ba da Michael Porter sun karɓo Cam Johnson, Bruce Brown da suka ci kofin 2023 tare ya dawo gida. Ni Denver na zaɓa, kuma da gaske nake.

Sani: Hajiya, wasan na bakwai 125 da 93 aka tashi fa. Ratar maki 32.

Maman Ilham: Gajiya ce, ƙanena. Mutum biyar sun ɗauki nauyin wasa bakwai a kansu. Abin da aka gyara ke nan.

Abba: Yayye, ba wanda zai ambaci Lakers? Luka Dončić zai fara kaka da su tun daga tushe, ga LeBron, ga Ayton an kawo.

Malam Habu: Abba, LeBron zai cika 41 a Disamba. Minnesota ta fitar da su 4-1, kuma rashin tsaro ne ya cinye su. Ayton bai taɓa yin suna a tsaro ba.

Nasiru: Ni Houston ce ke raina, ba zan ɓoye ba, tun zamanin da Hakeem Olajuwon ya ci musu kofi a 1994 da 1995. Bara su ne na biyu a rukunin Yamma da nasara 52, abin da suka rasa kawai shi ne mai jefa ƙwallo a raga idan wasa ya yi tsami, shi ya sa Golden State ta fitar da su. Sai kocinsu Ime Udoka ya samu Kevin Durant. Da na ce su ne, amma raunin gwiwar mai raba musu ƙwallo VanVleet a Satumba ya karya mini gwiwa ni ma. Babu wani gogaggen mai raba ƙwallo a bayansa.

Sani: To kun gani. Kowa da kuka kawo da inda yake yoyo. A rukunin Gabas kuwa Tatum da Haliburton duk suna jinya, sai Cleveland da New York. Thunder kaɗai ce ba ku nuna mini raminta ba.

Maman Ilham: Jalen Williams an yi masa tiyata a wuyan hannu bayan kofi. Ga rami nan.

Nasiru: Ranar 21 ga Oktoba Houston za ta je Oklahoma a wasan buɗe kaka. A nan wajenmu sai bayan sha biyun dare za a fara, amma zan tashi in ga wa Udoka zai damƙa wa ƙwallo.